Hoton kai ya nuna tsiro a bayan hancin yayana, wa ya san wanga ciwo?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zauren ga. Shawara nika nema, in akwai likita cikinmu don Allah shi taimaka. Yayana na, wanda nika bi ma, shekarunshi 46, sana'arshi albasa. Tun bayan babbar Sallah shika fama da ciwon kai, wata biyat kenan. In ka tambaye shi ina ka yi mai ciwo, sai shi aza hannu tsakiyar kai, an jima shi ce bayan ido, wata rana shi ce ƙeya. Cewa shikai awa an kafa mai ƙusa daga ciki. An yi maganin maleriya sau ukku, an yi na taifot, an auna jini an ce bai hau ba. Farasitamol kau ya koma mai awa goro, kullum shina aljihu. Satin da ya wuce muna zaune bakin shago sai yac ce mani, "Kai, mashin biyu na ka tahowa ko guda?" Guda na. Nan hankalina yat tashi. Jiya munka yi hoton kai na CT. Wanda ya karanta muna takardar ya ce an rubuta akwai tsiro da ya cika wani kogo da aka kira sifinoyid, kuma ƙashin wurin ya yi siriri. Matarshi tun jiya ba ta sa komi a baki ba. Jama'a, ciwon daji na?

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam. Allah shi ba shi lahiya, shi sa kaffara ta. Ɗana, ka ce ma matar ta ci abinci, jinya sai da ƙarhi.

Baban Ummi: Allah ya sawwaƙe. Amma hunturu ya shigo fa, kowa kanshi na ciwo. Ni kaina kwana huɗu ina fama. A gwada sirace da man zafi tukuna.

Ɗan Wanzam: Mataccen jini na yat taru mai a kai. Ku kai shi a yi mai ƙaho a ƙeya, a hidda shi. Tun kakana muka wanga aiki, mutane nawa sunka zo suna riƙe da kai sunka koma gida suna dariya. Ku 'yan boko kun cika son a saka ku cikin inji.

Nas Gawon Nama: Baban Ummi, ƙurar hunturu ba ta sa mutum ganin mashin ɗaya ya zama biyu. Ɗan Wanzam, ba raina sana'ar gidanku nake ba, amma ƙaho fata yake kamawa, abin da ake magana kuma yana can tsakiyar kai. Ɗan Mabera, amsa mani abu uku. Yana da ciwon suga? Yana zazzaɓi ko amai? Sannan je ka ce ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya kalli abu mai nisa, ka ji ko har yanzu biyu yake gani.

Ɗan Mabera: Anti Nas, bai da suga, an auna watan jiya. Zazzaɓi babu. Yanzu na hito daga wurinshi. Na ce shi dubi fitilar masallaci. Da ido biyu fitila biyu shika gani, gefe da gefe. Da ya rufe na dama sai ta koma guda, da ya rufe na hagu ma guda. Ya ce in ya duba ɓangaren dama abin ya fi rabuwa.

Likitan Hanci: Salamu alaikum. Nas ce ta kira ni ta ce in leƙo. Ɗan Mabera, sannu da ɗawainiya. Ban ga yayanka ba, ban ga hoton ba, saboda haka ba zan sa wa ciwonsa suna daga nan ba. Amma zan gaya maka inda abin yake da abin da ya kamata a yi, don tsoron da kuke ciki rabinsa na rashin sanin wurin ne.

Ƙasusuwan fuska ba a cushe suke ba, akwai koguna masu iska a ciki, kuma kowanne yana da 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci. Iri huɗu ne, dama da hagu: na kumatu, na goshi, ƙananan da ke tsakanin idanu, sai wannan sifinoyid. Ka ɗauki hanci kamar gida. Ƙofar hanci zaure ce, kogunan kumatu da goshi ɗakunan tsakar gida ne, shi kuwa sifinoyid ƙuryar uwar ɗaka ce, can bayan hanci, kusan daidai tsakiyar kai. Shi ya sa ciwonsa ba ya nuna kansa kamar na sauran. Wanda kogon kumatunsa ya kumbura zai nuna maka kuncinsa, ga majina, ga toshewar hanci. Mai ciwon sifinoyid sau da yawa hancinsa garau yake, sai ciwon kai mai yawo, yau tsakiyar kai, gobe bayan ido, jibi ƙeya, kamar yadda ka faɗa. Kuma ba kasafai ake samun ciwon da ya tsaya a wannan kogo shi kaɗai ba, bai kai kashi 3 cikin 100 na cututtukan kogunan hanci ba, don haka hankalin ma'aikacin lafiya ba ya saurin zuwa wurin.

Abin da ya sa muke ɗaukarsa da muhimmanci maƙwabtansa ne. A kan rufinsa wata 'yar halitta mai suna fituwitari take zaune, girmanta kamar ƙwayar wake, ita ke ba da umarni ga yawancin sinadaran jiki. A jikin bangonsa jijiyar gani ta bi ta wuce, haka babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, karotid, ga kuma jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido da waɗanda ke kawo ji a fuska. Bangon a wasu wurare bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Gwajin da Nas ta sa ka yi ya nuna idanun biyu kowanne yana gani, tafiya tare ce ba sa yi. Akwai jijiya ta shida cikin jijiyoyin kai, aikinta ta ja ido zuwa waje, wajen kunne, ita ce ta fi saurin taɓuwa a wannan wuri. In ta dama ta yi rauni, mutum zai ga abu biyu gefe da gefe, musamman in ya dubi dama ko ya hangi nesa.

Ɗan Mabera: Likita, Allah shi saka da alheri. Amma ba ka amsa mani ba. Daji na ko ba daji ba?

Likitan Hanci: Takardar da ke hannunka ba ta isa ta amsa wannan ba, kuma duk wanda ya amsa maka daga ita ƙarya yake. Mai karanta hoto inuwa yake gani. Kogon da ya kamata ya fito baƙi saboda iska sai ya fito cike, to dole ya rubuta cewa akwai abu. Abin nan yana iya zama majina da ta taru shekara da shekaru saboda ƙofar kogon ta toshe, ta zama kamar jakar ruwa tana kumbura a hankali tana tura ƙashi har ya yi siriri, muna kiranta mukosil. Yana iya zama curin funfuna. Yana iya zama tsohon kumburi, ko tsiron laushi irin wanda ke fitowa a hanci, ko ƙashin ne da kansa ya yi kauri. Wani lokaci ma abin ba na kogon ba ne, daga sama ya sauko, ƙari ne na fituwitari, kuma irin wannan kusan dukkansu ba daji ba ne. Daji yana cikin lissafi, ba zan ɓoye maka ba, amma mafi yawan abin da muke tararwa a wannan kogo ba shi ba ne. Gaggawar da nake so ku yi ba don tsoron daji ba ce, don ido ne. Ko majina ce zalla, in ta daɗe tana danne jijiyar gani tana iya kashe ta. Ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato cikin satin nan, ku tafi da hoton kansa, fim ɗin ko faifan, ba takardar kaɗai ba. Da kun isa ku fara faɗin cewa yana gani biyu.

Gwaggon Yara: Maganar ido da likita ya yi ta tuna mani ɗan ƙanwar mahaifiyarmu. Shi ma haka ya hwara, ciwon kai, sai idonshi na hagu ya riƙa yi mai hazo. Wani ƙaramin asibiti sunka ba shi maganin ɗigawa, wani wurin sunka yanka mai tabarau. Wata bakwai ana wanga yawo. Ranar da ankai hoton kai, abin ya riga ya danne jijiya. An yi aiki, ciwon kai ya tahi, ba daji ba na ma, amma idon bai dawo ba har yau. Tela na, yanzu da ido guda shika zura zare. Don Allah kar ku tsaya.

Malam Arkilla: Likita ina da tambaya, kuma ka yi haƙuri da ni. An riga an yi CT, an biya kuɗi masu yawa. Na san da sun je za a ce su yi wani hoton da ake kira MRI. Shin ba hoto hoto ne ba? Talaka ya sai da akuya ya yi na farko, sai a ce ya sai da tunkiya ya yi na biyu. Me zai hana a shiga kai tsaye a yanko abin a auna a huta?

Likitan Hanci: Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma eh, mai yiwuwa ne ƙwarai a ce su yi MRI. CT gwanin ƙashi ne. Shi zai nuna ko bango ya siraɗe saboda turi ko kuwa an cinye shi, zai nuna 'yan ɗigon fari da ake yawan gani cikin curin funfuna, kuma shi ne taswirar mai tiyata. Amma bai iya bambance majina da tsoka sosai ba. MRI shi ne gwanin nama: zai raba ruwa da tsoka, ya nuna ko abin ya taɓa ƙwaƙwalwa ko fituwitari ko jijiyar gani.

Batun a shiga kai tsaye a yanko kuwa, nan ne haɗarin yake. Akwai abu biyu da kan fito a hoto kamar tsiro alhali ba tsiro ba ne. Ɗaya, jijiyar karotid ce ta kumbura ta bultso cikin kogon. Biyu, rigar ƙwaƙwalwa ce, wani lokaci har da ɗan ɓangarenta, ta zurmo ta wata kafa a ƙashi. Ka ga in mutum ya sa almakashi ya tsinki ɗayan waɗannan da sunan gwaji, ta farko jinin da za ta zubar yana iya kashe mutum a kan tebur, ta biyu kuma an buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa ƙwaƙwalwa. Ba su da yawa, amma ba wanda yake so a ce a kansa aka samu.

Malam Arkilla: To na ji. Amma kuɗin fa suna nan daram.

Nas Gawon Nama: Suna nan, Malam, ba wanda ya musa. Ɗan Mabera, in yana da katin inshorar lafiya ku tafi da shi. In abin ya fi ƙarfinku ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya a asibitin, sannan ku kai takarda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, suna taimaka wa masu jinya marasa ƙarfi. Ƙungiyar 'yan albasa ma ai ba za su bar ɗan'uwansu ba.

Ɗan Wurno: Ni dai abin da nika ji tun ina yaro, in ƙarhe ya taɓa daji sai shi bazu. Maƙwabcinmu lahiya lau shika yawo da ƙullutu a wuya, ranar da anka yanki kaɗan don a auna, bai yi wata huɗu ba. Kar ku yarda a taɓa shi.

Ɗan Wanzam: Yawwa. Gwamma kai ka hwaɗi, ni in na yi magana a ce ban yi boko ba.

Nas Gawon Nama: Kai da aska da ƙaho kake sana'a, yau kai ne kake tsoron ƙarfe?

Likitan Hanci: Allah ya jiƙan maƙwabcinka, Ɗan Wurno. Abin da muke gani kullum shi ne mutum ya zauna da ciwo shekara biyu, sai ya ci ƙarfinsa a kawo shi, a yi gwaji, ya rasu ba da daɗewa ba, sai a ɗora wa gwajin. Ciwon ya riga ya yi nisa kafin a taɓa shi. Kuma ba tare da an duba tsokar a madubin ɗakin gwaji ba, ba yadda za a san maganin da ya dace. Akwai dajin da ake kira limfoma, maganinsa allurai ne da gasa shi da na'ura, ba yanka ba. Akwai wanda sai an yanke. Curin funfuna kuwa kwashewa kawai ake yi. In ba a auna ba, da wanne za a fara?

Maman Sadiya: Bari in ba ku namu labarin ko hankalin matarshi ya kwanta. Mahaifiyarmu ta yi kusan shekara biyu tana ɗaure kai da ɗankwali tamau, tana cewa wani abu na wari a bayan hancinta, mu ba mu ji. Har ruƙiya an yi mata. Ita ma takardarta tsiro aka rubuta, muka yi ta kuka. Aka yi mata aiki ta cikin hanci, ko ɗigon yanka babu a fuskarta. Da likitan ya fito ya nuna mana abin a 'yar kwalba, wallahi kamar tunkuza, ruwan ƙasa-ƙasa, a dunƙule. Ya ce funfuna ce. Kwana biyu aka sallame mu. Yanzu ita ke rigima da jikoki a kan rediyo.

Ɗan Mabera: Allahu akbar. Na karanta ma matarshi wanga, ta ɗan yi murmushi. Likita, tunda an yi maganar funfuna, yayana yini shikai cikin rumbun albasa shina tsince ruɓaɓɓu, kuma ka san baƙin garin nan da ka kama ɓawonta. Ko shi na?

Likitan Hanci: Baƙin garin da ke jikin albasa funfuna ce daga dangin da ake kira Asfajilas, kuma curin da Maman Sadiya ta gani ma yawanci daga wannan dangi yake. Amma kar ka yi saurin ɗaura su aure. Ƙwayoyin wannan funfuna suna cikin iskar da ni da kai muke shaƙa kullum, ana samun curin a jikin mutanen da ba su taɓa shiga rumbu ba. Sa takunkumi a rumbu abu ne mai kyau ko don ƙirji. Ka dai gaya wa likitan da zai duba shi sana'arsa.

Tambayar suga da Nas ta yi tana da dalili. Curin funfuna a jikin mai lafiya zama kawai yake yi a kogo. Amma ga mai sugan da ya ƙi saituwa, ko wanda garkuwar jikinsa ta faɗi, akwai wata funfunar da ke cin nama ta shiga jijiyoyin jini, cikin 'yan kwanaki ta kai ido da ƙwaƙwalwa. Ita ce ta yi ɓarna a Indiya a 2021 lokacin korona. Mai suga da ya tashi da ciwon fuska, kumburin ido, ko baƙi-baƙi a cikin hanci ko ganɗa, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, a daren za a kai shi.

Shi ma yayanka, in kafin ranar ganin likita ganinsa ya fara dushewa, ko fatar ido ta sauko ta ƙi ɗaguwa, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ciwon kai ya tsananta farat ɗaya da amai, ku wuce sashen gaggawa. Kuma kar ya hau mashin ko ya tuƙa mota yana gani biyu. Wani abu kuma, saboda fituwitari za a iya auna sinadaran jininsa, kuma za a tambaye shi ko yana yawan kasala, ko takalminsa da zobensa sun matse shi, ko ya ga canji wajen sha'awar iyali.

Ɗan Mabera: Likita, ta ƙarshen ga kam ba da bakina ba. Yayana na hwa. In na tambaye shi wagga magana sai dai in bar garin.

Likitan Hanci: Ba kai za ka tambaya ba, likitansa zai fitar da kai waje tukuna.

Hajiya Inna: Ɗana, shi mai ciwon kun hwaɗa mai abin da takarda tac ce?

Ɗan Mabera: A'a Inna. Mun ce mai sanyi na ya taru.

Hajiya Inna: Kun kyauta. Ku bar shi hakanan. Namiji in ya ji kalmar tsiro zuciyarshi ka karyewa, tun ciwo bai kada shi ba tunani shi kada shi.

Nas Gawon Nama: Inna, a gafarce ni, a nan kam ban bi ki ba. Magidanci ne mai iyali, shi zai sa hannu a takardar aiki. In kun ce masa sanyi ne, gobe zai ce to a bar shi ya sha citta ya tafi kasuwar Illela. Kuma mutumin da ke ganin fitila biyu ya riga ya san ba sanyi ba ne, shiru kawai yake yi don kar ya tayar muku da hankali.

Hajiya Inna: Ɗiyata, ke asibiti kika sani, ni maza nis sani. Na yi jinyar miji shekara ukku.

Malam Arkilla: Duk ku biyun kuna da gaskiya. A gaya masa, amma a gaya masa yadda likita ya faɗa: akwai abin da ya cika wani kogo, ba a san ko mene ne ba tukuna, galibi ba mugu ba ne. Wannan ba ƙarya, kuma ba ta karya zuciya. Kar dai ƙanensa ya faɗa, a samu kawunsu ko amininsa.

Baban Ummi: Jama'a ni fa kun tsorata ni. Na ce maku kaina na ciwo. In je in yi CT ɗin ne?

Likitan Hanci: Baban Ummi, ciwon kai na kwana huɗu cikin hazo ba ya bukatar hoto. Yawancin ciwon kai gajiya ne, rashin barci, ƙishirwa, mura, ko na ɓari ɗaya. Wanda muke nema wa hoto shi ne sabon ciwon da ya ƙi tafiya makonni yana ƙaruwa, ko ya zo da matsalar gani, ko dindiris a fuska, ko haɓo ta hanci ɗaya da ke maimaituwa. Akwai kuma ruwa garai mai gishiri-gishiri da ke ɗiga ta hanci ɗaya in mutum ya yi ruku'u ko sujada, wannan yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne, a kai shi a duba. Hoton eksire na da kuwa kar ma wani ya ɓata kuɗinsa a kai, ba ya nuna wannan kogo da kyau. Sannan masu shan maganin ciwon kai kamar goro su sani, wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya zama mai kawo ciwon.

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Kwana goma sha biyu ban leƙo ba, ku yi haƙuri, zirga-zirga ta. Kawunmu ya hwaɗa mai, yadda Malam Arkilla yac ce. Budar bakinshi sai yac ce ai shi ya sani tun ranar da ya ga matarshi ta sa gishiri a koko. Mun ga likitocin hanci. Sun hesa mai wani magani a hanci har hancin ya mutu, sannan sunka zura wani siririn ƙarhe mai fitila da kyamara, ina tsaye ina kallon cikin hancin yayana a talabijin. Bai ji zahi ba, hawaye dai sunka zubo mai. Abin mamaki likitan ya ce hancin kusan lahiya lau, sai can ƙurya bangon ya ɗan turo. Daga nan sai wurin likitan ido, anka sa shi karanta haruffa, anka sa kanshi cikin wani inji shina danna maɓalli duk sadda ya ga ɗigon haske. Sun ce ganinshi bai taɓu ba, jijiyar juya ido ta. An auna ƙoda, sannan ankai MRI da allura a hannu. Sun sa ya cire agogo da zobe, har layar da Inna tas sa mai sai da ya cire. Ya ce ƙarar injin awa maƙera. Sakamako ya hito, sun ce ya fi kama da jakar majinar nan da likita yac ce, mukosil. Za a yi aiki ran Talata ta cikin hanci, kuma sun ce duk da haka za su kai abin da sunka ciro a auna.

Likitan Hanci: Alhamdu lillahi. Yadda aka bi ɗin nan daidai ne. Aikin shi ne a faɗaɗa ƙofar kogon a zubar da abin da ya taru, a bar ta a buɗe. Ku sani gani biyun ba lallai ya tafi a ranar ba, jijiya tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ta farfaɗo. Kar ku ce aiki bai yi ba.

Ɗan Wanzam: To Allah shi sa a yi a sa'a. In ya warke ku kawo shi in yi mai aski kyauta.

Ɗan Mabera: Jama'a an yi aiki, yau kwana shidda, muna gida. Ciwon kai ya tahi tun kwana na biyu, ya ce rabonshi da kwana irin wanga tun kahin Sallah. Har yanzu in ya dubi dama shina ganin biyu, amma sun matso kusa da juna. Sakamakon gwajin tsoka sai nan da sati biyu. Likita, rigimar da muka yi da shi yanzu, wai shina son komawa rumbu jibi, an kawo mai kaya daga Gada. Kuma shina tambaya ƙaƙa za shi yi da shaƙa ruwa in shina alwala.

Likitan Hanci: Rumbu a'a. Babu ɗaga buhu, babu fyace hanci da ƙarfi, babu shiga ƙura har sai likitansa ya sake leƙawa da kyamara ya ba shi izini. In atishawa ta zo ya buɗe baki. Alwala ya ɗan taɓa ruwan a ƙofar hanci a hankali, kar ya ja shi sama. Ruwan gishirin da aka ce ya riƙa wanke hanci da shi kuwa, a tafasa ruwan a bar shi ya huce tukuna, ba na randa kai tsaye ba. In ya ga ruwa garai yana ɗiga, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ku koma a ranar.

Ɗan Mabera: To likita. Kayan Gada ni za ni in karɓa. Wa ad da lambar mai a-kori-kura cikinku, wanda bai tsawwala kuɗi?